Martina da 'Yar Ƙofar Bayan Rumbu

Kafin sauran ma'aikata su iso, Malama Martina ta riga ta buɗe tagogin ofishin tsara gari na Birnin Kudu, ta goge teburin zane, ta zauna tana fiƙe fensira da reza. Idan ta gama sai ta naɗe takardun da za a fita da su, ta cusa tef ɗin awo a jaka, ta yafa mayafi, ta shiga gaban Landiroba. Duk garin da aka isa, abu ɗaya ake yi. Mazan ofis su tsaya a zaure suna gaisawa da maigida, ita kuwa ta yi sallama ta wuce ciki. Sukan jira ta har inuwa ta juya. In ta fito, da wuya a rasa daddawa ko garin kuka ƙulle a bakin mayafinta, kuma ba ta faɗa wa kowa abin da aka tattauna a can.

Haka take yi tun lokacin da kuɗin mai ya fara kwararowa ƙasar nan, aka shiga yanka tituna da sababbin unguwanni ko'ina. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Babu titin da aka sa wa sunanta, kuma ba a shirya mata taron ban kwana ba. Abin da ya fi kome girma a aikinta ma ba ya cikin kowace takarda, domin da gangan ta ƙi zana shi. Wannan shi ne dalilin rubutun nan.

Mutane suna ce mata Injiniya. Da fari takan gyara musu, ta ce ita mai zanen gine-gine ce da tsara unguwanni, injiniya kuwa aikinsa daban. Daga baya ta gaji ta bari. 'Yar Malam Jonah kafinta ce, wanda ya zo daga kudancin ƙasar Bauci yin rufin gine-ginen gwamnati, ya ga gari ya karɓe shi, ya zauna. Kirista ne, kuma a barikin ma'aikata ta girma. Tana makarantar kwana aka sami 'yancin kai. Da ta wuce jami'a, ita kaɗai ce mace a ajinsu, har wani ya tambaye ta ran farko ko ajin ungozoma take nema ta ɓata hanya. Ta gama, ta dawo gida da takardar shaida irin ta kowa, aka ba ta kujera a lungun ofis, aka ce ta riƙa bin zanen maza da tawada don ya fito sosai. Ta daɗe tana wannan kafin shugaban ofishin, Malam Abdulsalami, mutum mai adalci daidai gwargwado, ya ba ta aikin kanta.

Sabon titi ne zai ratsa gefen Yalwan Damai, ya cinye wata unguwa. Gwamnati ta ce za ta yanka wa mutanen fegi a wani fili, ta yi wa kowa katangar bulo da ɗakuna biyu. Martina ta zana unguwar kamar yadda aka koya mata: layuka miƙaƙƙu, kowane gida yana fuskantar hanya, a bayan kowane jeri kuma an bar siririn lungu. Lungun tsafta ake ce masa. Doka ce tun zamanin Turawa, an yi ta ne domin masu kwashe bayan gida da bokiti su sami hanyar bi. A ƙauyukanmu kowane gida da masai a haƙe, ba wanda ya taɓa ɗaukar bokiti. Ta san da haka, amma doka ce, kuma aikinta na fari ne. Aka gina, aka yaba, manya suka zo suka ɗauki hoto.

Bayan damina ta koma duba magudanan ruwa da tsagewar katanga. A wani gida ta tarar da wata mata mai suna Barira tana tankaɗe. Suka gaisa, aka kawo ruwa.

"Ke ce kika zana mana unguwar nan?" in ji Barira.

"Ni ce."

"Sannu da aiki. Ta yi kyau. Baƙo in ya hango ta sai ya ce bariki ce." Ta ajiye rariya ta miƙe. "Zo ki ga wani abu."

Ta kai ta bayan rumbu, ta dafa katangar siminti da tafin hannu. "A tsohon gidanmu, a nan ƙofa take."

Martina ba ta gane ba, sai da aka yi mata bayani. A tsohuwar unguwa gidaje baya da baya suke, katanga ɗaya ce tsakanin maƙwabci da maƙwabci. A jikin katangar nan, bayan rumbu ko bayan madafi, mata sukan huda 'yar ƙofa wadda sai an sunkuya, su rataya mata tsohuwar tabarma. Ta nan ake ɗebo wuta, ta nan ake aron taɓarya, ta nan ake zuwa kitso da dubiya. Macen da ta bi ta nan ba ta fita ba, tunda ƙafarta ba ta taka hanya ba, don haka ba ta bukatar izinin kowa. Mace takan ratsa unguwa daga wannan kai zuwa wancan, gida bayan gida, idon namiji bai gan ta ba. A sabuwar unguwa kuwa, tsakanin Barira da maƙwabciyarta Hapsatu akwai katanga, da lungu, da wata katangar. Lungun nan ko da taku biyu ne, waje ne.

"Ranar da naƙuda ta kama Hapsatu, rana tsaka ce," in ji Barira. "Maza duk suna gona, tsofaffi ma sun bi su. Yaran da muke aike an kwashe su makarantar boko a shekarar. Ina jin nishinta kamar a kunnena. Na je zaure na dawo, na sake zuwa na dawo, babu wanda zan tambaya. Daga ƙarshe na kife turmi na haye katanga, na dira a lungunki, cikin shara da ƙaya. Tata katangar ta fi ƙarfina, sai da na zagaya ta titi. Na same ta dai. Ita ta tashi. Yaron bai zo da kwana ba."

Ta koma ta ɗauki rariyarta. "Ban ce ke ce ba. Kwana na Allah ne. Na dai nuna miki inda ƙofa take a da."

Martina ta dawo Birnin Kudu da maganar a ranta. Abin da ya fi damunta shi ne, gidajen nan ba baƙinta ba ne. Tun tana yarinya take shigarsu, ta ci tuwon sallarsu, ta yi wasa a tsakar gidansu. Amma zaman baƙuwa ta yi, a kan tabarmar da aka shimfiɗa mata. Mahaifiyarta tana fita kasuwa da coci yadda ta so, don haka bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa akwai matan da duk hanyarsu tana bayan rumbu.

Ke ce, Malama, kika ɗauki laifin da ba wanda ya ɗora miki. Dokar ba ke kika kafa ta ba, kuma duk wanda aka ba aikin nan haka zai zana shi ya kwana lafiya. Mu da aka haifa a cikin gidajen, iyayenmu mata suka goya mu suka sunkuya da mu ta 'yar ƙofar nan, mun girma mun koma zaure mun manta. Da yawanmu mun zauna a kujerun da ake sa hannu a kan irin wannan zane, ba wanda ya tuna.

Ba a daɗe ba wani aikin ya zo. Kogi yana cin gaɓa a gefen Kwandiko ta ƙasar Gwaram, kowace damina sai ya tafi da gida ɗaya ko biyu, aka yanke shawarar ta da unguwar zuwa tudu. Martina ta ce ba za ta ja layi ko ɗaya ba sai ta auna tsohuwar unguwar ciki da waje, kuma tana bukatar mace ta riƙe mata bakin tef.

Malam Abdulsalami ya cire tabarau ya dube ta. "Mace a fagen awo? Rana ta ƙona ta, mijinta ya zo ya ƙona ni?"

"Ranka ya daɗe, tef ɗinmu a zaure yake tsayawa. Duk taswirar da ke ofis ɗin nan ta bangon waje ce da titi. Inda ake girki, inda ake haihuwa, inda ake wankan gawar mata, ba mu taɓa auna ko ɗaya ba. Namiji ba zai shiga ba, ni kuma hannuna biyu ne kawai."

"To wa kike so? Ba ni da gurbin ɗaukar kowa."

"Safiyatu."

Safiyatu ita ce mai buga keken rubutu a ofishin, ta gama sakandare, kuma Martina ta lura ba ta kuskure a lissafi. Malam Abdulsalami ya yi gunaguni a kan wa zai buga masa takardu, sannan ya yarda. Haka mata biyu suka bi unguwar gida gida, ɗaya a wannan bakin tef, ɗaya a wancan. Kusan kowane gida suka tarar da 'yar ƙofar. Wata bayan rumbu, wata bayan akurkin kaji, wata an jingine mata tsohon ƙyaure kamar ajiya aka yi.

A nan ne ta yi kuskuren da ya fi na farko saurin ciwo. Murna ta ɗebe ta, ta zana sabuwar unguwa baya da baya, ta sa kowace 'yar ƙofa da jan fensir yadda ba mai kasa gani. Ranar da za a nuna wa mutanen gari tsarin, aka shimfiɗa takardar a ƙofar gidan Mai unguwa Barau, dattawa suka kewaye ta. Ta yi bayanin hanyoyi da masallaci da rijiya, kowa yana gyaɗa kai. Sannan ta ɗora yatsa a kan jan zanen, ta ce ga ƙofofin da mata suke bi tsakanin gida da gida, kamar yadda suke a tsohuwar unguwa, ba za a raba su da su ba.

Mai unguwa Barau ya daɗe yana kallon takardar.

"Wace ƙofa?" ya ce.

Ta sake bayani.

"Gidana dai babu irin wannan. Malam Iliyasu, kai ne bayana. Gidanka akwai?"

"Allah ya kiyaye," in ji Malam Iliyasu.

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce gidansa babu. Wani mai jini a jika ya ce in ma akwai, yau zai je ya gani da idonsa. Kafin kasuwa ta zagayo, an liƙe ƙofofi da dama da laka, an tura ƙaya a bakin wasu.

Da ta koma cikin gidan Mai unguwa, matarsa Inna Talatu ba ta ko shimfiɗa mata tabarma ba.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?"

"Inna, gyara na so in yi."

"Kin gyara. Tun kafin ki san hannunki na dama Mai unguwa yake cin miyar gidan Malam Iliyasu da zafinta. Kina tsammani bai san ta inda take shigowa ba? Ya sani sarai. Ya kuma san ba huruminsa ba ne ya sani. Amma kin tsayar da shi a gaban maza kin nuna masa da yatsa. Dole ya ce babu. In ya ce babu kuwa, dole a wayi gari babu."

Martina ta zauna a kan turmi. "To yanzu yaya zan yi?"

"Ke kika yi boko, ni za ki tambaya? Mu dai ki haɗa mana baya da baya, ki bar mana inda taɓarya za ta iya. Kada ki rubuta, kada ki faɗa. Sauran namu ne." Sai a lokacin ta tura mata tabarma da ƙafa. "Tashi daga kan turmina, ba kujera ba ce."

Martina ta koma ofis ta yaga zanen, ta yi sabo. Ta cire lungun tsafta gaba ɗaya, ta jingina gidaje baya da baya. Babu jan fensir ko ɗigo. Sai dai a katangar baya ta kowane gida, daidai inda rumbu zai zauna, ta rubuta wa magina cewa su bar wani ɗan tsakani ba bulo, su gitta azara a samansa, su cike shi da tubalin ƙasa, su shafe. Dalilin da ta sa a takarda shi ne, doguwar katangar siminti tana tsagewa idan ba a bar mata wurin numfashi ba. Wannan gaskiya ne, duk mai sana'ar ya sani.

Malam Abdulsalami ma ya sani. Ya ɗora ma'auni a kan zanen, ya ɗaga kai. "Malama Martina, wurin numfashin katanga yatsa biyu ne. Wannan naki mace mai goyo za ta wuce."



Ya daɗe yana juya alƙalami. Shi ma ɗan gida ne, a ƙauye aka haife shi. "Wannan ban gan shi ba," ya ce. "Idona ya fara rauni. Amma lungun tsafta ko makaho ya zo zai san babu shi, kuma doka ce. Ba zan sa hannu ba. Saura kaɗan in yi ritaya, ina da iyali."

"Ni zan sa."

"Kin san abin da kike ɗauka?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

Ta sa hannu ita kaɗai. A wurin gini, shugaban magina Haladu ya tsaya gaban tsakanin farko, ya kama ƙugu. "Injiniya, azara a tsakiyar katanga? Me za ta ɗauka, iska?"

"Katanga ce za ta yi numfashi, Malam Haladu."

Ya dubi tsakanin, ya dubi inda aka shata gindin rumbu, ya shafa gemu. "To, Allah ya ba ta numfashi mai albarka. Amma da za ki bi shawarata, a ɗaga azarar nan kaɗan. Katangar wani gidan doguwa ce, ga ta da jiki." Aka ɗaga. Daga ranar bai sake tambaya ba, yaransa ma ya hana su.

Ana cikin rufi masu duba aiki suka zo daga hedikwata. Ba su kula da tubalin ƙasa ba, domin an shafe shi ya saje da sauran katanga. Lungun tsafta suka nema suka rasa. Aka kira ta birni ta yi bayani gaban kwamiti.

Kafin ta tafi, Malam Abdulsalami ya kira ta ofishinsa ya rufe ƙofa. A lokacin ta riga ta ba shi labarin Yalwan Damai. "Ki gaya musu abin da ya sami Hapsatu," ya ce. "Ki gaya musu don me kika haɗa gidajen. Mutane ne, suna da iyaye mata. Ba mai hukunta ki, wataƙila ma a yaba miki."

"In na faɗa, za a rubuta?"

"Dole a rubuta."

"In an rubuta, ina rahoton zai je?"

Dukansu sun san hanyarsa. Daga kwamiti zai je wa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa ƙofar gidan Mai unguwa Barau, a karanta shi a gaban dattawan da suka ce babu. Sannan a aiko da buhunan siminti a gyara.

Ta tsaya gaban kwamitin ta ce lungun tsafta ɓarnar fili ne, ba mai bin sa da bokiti, juji kawai yake zama. Suka ce wannan ra'ayinta ne, doka kuwa ba ta tambayi ra'ayinta ba. Suka tambaye ta ko akwai wani dalili. Ta ce babu. Ɗaya daga cikinsu ya ce abin da ake gudu ke nan in an ba mace tsara gari, sai ta tsara shi kamar tana jera kwanuka. Rushe unguwar ya fi ƙarfin aljihun kowa, don haka aka bar ta yadda take. Ita kuwa aka tsayar mata da ƙarin girma, aka rubuta a fayil ɗinta cewa ba ta bin ƙa'ida. Waɗanda suka gama karatu tare da ita suka zama daraktoci da manyan 'yan kwangila a Kano da Legas. Ita tana nan a teburin da aka fara ba ta, a matakin da kwamitin ya bar ta.

Mutanen suka tare a tudu bayan girbi. Da Martina ta je dubawa, Inna Talatu ta shimfiɗa mata tabarma tun kafin ta gama sallama. A tsakar gida akwai sabon murhu, an gina shi da tubalin da Martina ta gane. Bayan rumbu kuwa tsohuwar tabarma tana reto.

"Katangarki ta yi numfashi," in ji Inna Talatu. "Jiya ma ta numfaso mana da garin kuka."

Ke ce, Malama Martina, kika zaɓi a ce ba ki iya aiki ba, a kan a san abin da kika iya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta sha wuya kafin a yarda ta riƙe fensir. Kalmomi kaɗan za ki faɗa ki wanke kanki, ki rufe bakin mai maganar kwanuka, amma kika haɗiye su, kika ci gaba da haɗiye su shekara da shekaru.

Abin da kwamitin bai iya tsayarwa ba shi ne tef ɗin nan mai baki biyu. Martina ta kafe a kan cewa duk unguwar da za a taɓa sai an auna cikin gidajenta, kuma sai mace. Da wannan hujja ta sa aka mai da Safiyatu mai awo, daga baya ta tsaya mata har aka tura ta karatun tsara gari. Da Safiyatu ta haihu aka so a ba wani kujerarta, Martina ta ɗauke kujerar ta ajiye a bayan teburinta, ta ce duk mai so ya zo ya ɗauka a gabanta. Da wannan hujjar aka ɗauki wasu 'yan mata biyu daga Gwaram da Basirka. Martina ce ta fara sa sunan duk wadda ta riƙe tef a kusurwar zane, kusa da na safiyo, wato babban mai awo, da haruffa masu girma ɗaya. Takan je makarantun 'yan mata da takardunta a hammata, ta shimfiɗa su a ƙasa, ta ce su nuna mata inda aka yi kuskure a gidan da aka zana. Ba su taɓa kasa nunawa ba. Unguwannin da suka biyo baya a wannan yanki, da yawansu baya da baya aka yanka su, domin da aka ga filin da ake samu, manya suka daina tambayar lungun tsafta. Ba a koma fayil ɗinta an goge kome ba.

Yanzu kuɗin mai ya ja baya, ana rage ma'aikata. Aka ce ofishin ya sauke mutum ɗaya daga sashen zane, kuma kowa ya san daga ƙasa ake farawa, inda matan suke. Martina ta riga kowa zuwa ta ce ita ce za ta tafi, idonta ya gaji da ƙananan layuka. Wanda ya ga yadda take fiƙe fensir da reza ya san idon lafiya lau yake.

Mun gode, Malama Martina. Mun gode a madadin iyayenmu mata da ba za su zo ofis su faɗa ba, da 'ya'yan da aka haifa da hannun maƙwabciya a kusa. Masu riƙe da ofisoshin tsara gari, ku bar mata a kujerunsu, ku ƙaro wasu, domin akwai rabin gari da ku ba za ku taɓa aunawa ba. Iyayen 'yan mata masu kan lissafi, ga sana'a tana jiran su. Ku kuma matasan da za ku zana mana garuruwan gobe, maza da mata, kafin ku ja layi ku nemi wanda zai leƙa muku bayan rumbu.

Mai wannan rubutu ya daɗe yana jinkiri, domin yana tsoron kada alƙalaminsa ya zama wani jan fensir. Ya tambayi Malama Martina, ta ce ba ita ke da ƙofar ba, ya je ya ji daga masu gida. Ya hau mota zuwa Kwandiko, ya sami Mai unguwa Barau a zaure, ya tsufa, sanda a gefensa. Suka zauna tun hantsi, ba wanda ya shiga gidan, ba wanda ya fita. Wajen azahar aka miƙo kwano daga ciki, dambu ne yana tururi.

"Bismillah," in ji Mai unguwa. "Na gidan Malam Iliyasu ne. Duk unguwar nan ba wadda ta kai iyalinsa iya dambu."

Baƙon ya yi ta maza ya faɗi abin da ya kawo shi, cewa yana so ya rubuta labarin ƙofar, amma yana gudun abin da zai biyo baya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, yana zuba mai a kan dambun.

"Wace ƙofa?" ya ce. Ya tura kwanon gaban baƙo. "Mu nan ba ma karanta jarida. Ci kafin ya huce. In ka koma Birnin Kudu ka gai da Injiniya, ka ce mata katanga tana nan lafiya, ba ta tsage ba."